Tukunya Biyu Ke Ciyar Da Gidanki, Amma Ɗaya Kike Lissafawa

Idan aka tambaye ki yanzu nawa gidanku yake ci a wata, na san inda za ki fara: shinkafa, masara, mai, magi, kayan miya, gas ko gawayi. Za ki haɗa, ki faɗi adadi, kuma ba ki yi ƙarya ba. Sai dai wannan adadin na tukunya ɗaya ne, wadda ke kan murhunki. Akwai ta biyu, ita kuma a bakin titi take: kaskon mai ƙosai, tandar mai waina, teburin mai shayi, tukubar mai tsire, da kular mai abincin da ke zagaya Kantin Kwari da azahar. Daga aljihu ɗaya duka biyun suke ci. Ta farkon ce kawai ake zama a yi wa lissafi, ita ce kuma ake tuhumar ki a kanta idan wata ya yi nisa.

Kada ki raina ta biyun. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoto kan yadda gidajen Najeriya suka kashe kuɗinsu a shekarar 2019. Kusan kashi 57 cikin 100 na duk abin da aka kashe, ciki ne ya cinye shi. A cikin kuɗin abincin kuma, abin da ya fi komai girma ba shinkafa ba ce, ba doya ba ce, ba nama ba ne. Abincin da aka ci a wajen gida ne, wanda ya haura naira tiriliyan 4 da rabi, wato kusan naira ɗaya cikin kowace biyar da aka kashe kan abinci. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, har da ƙauyukan da sai an yi tafiya kafin a ga mai shayi. To ina ga ke da kike zaune a Fagge ko Sabon Gari, inda ƙanshin suya yake shigo miki har ɗaki?

Unguwannin nan biyu kuwa sun gaji abin ne. Fagge tun asali zangon fatake ce a wajen ganuwa, inda Buzaye ke sauke raƙumansu, kuma duk inda baƙo ya sauka sai an samu mai dafa masa abinci ya biya. Sabon Gari ta kafu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, kowa da irin cimarsa. Shi ya sa yau a ƙaramar hukuma ɗaya, ta Fagge, za ki ci gurasa bandashe da safe, ki ci sakwara da miyar agushi da rana, da dare kuma ga farfesun kifi ga balangu. A nan cin abincin waje ba holewa ba ce kamar yadda ake nunawa a fim. Rabin mutanen gida ma a waje suke yini.

A da ana iya kawar da kai. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta zube, kiɗa ya canja. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin NBS. A farkon shekarar 2024 ne mata masu yin gurasa suka fito zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, a lokacin ne kuma gidaje da dama suka koma cin afafata, shinkafar da a da kifi ake ba wa. Daga baya farashin hatsi ya sauko, Alhamdu lillahi. Amma ki lura, ƙosan da ya ƙanƙance a wancan lokaci bai koma girmansa ba, farantin abincin da aka ƙara wa kuɗi ma bai dawo baya ba. Buhu yana hawa yana sauka, dafaffe kuwa in ya hau ya hau ke nan.

Mako biyu na rubutu

Kafin ki rage komai, ki fara sanin abin da ke fita. Ba sai kin sauke wata manhaja ba. Wayar nan da ke hannunki ta isa: ki buɗe WhatsApp ki riƙa tura wa kanki saƙo, ko ki ɗauki tsohon littafin rubutun yaro da bai cika ba. Duk abin da aka saya don a ci, ko na hamsin ne, ki rubuta shi a lokacin, don da dare ba za ki tuna ba. Awarar da aka aiki Ummi ta sayo da la'asar, kankarar zoɓo, biredin da aka ƙaro saboda baƙi, cajin mai POS, kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa da dawowa. A gefen kowanne ki sa alama: G idan na girkin gida ne, W idan dafaffe aka sayo a waje. Mako biyu sun isa su nuna miki halin gidanki. A cikinsu kada ki canja komai, kada ki hana kowa komai. Ki zama mai kallo kawai.

Ga misali, alƙaluman nawa ne na kwatance, ki goge ki sa naki. A ce yara huɗu ne, kowanne ana ba shi kuɗin tara naira 200, kwana 20 a wata: 16,000. Sau uku a mako ana makara, a aika a sayo ƙosai ko waina na 1,000: 12,000. Maigida yana kasuwa kwana 26, yana cin na 1,500 da rana: 39,000. Duk Juma'a yana shigowa da ledar tsire na 3,000: 12,000. An tashi 79,000 ke nan, ba a sa shayi ba, ba a sa fura da yogot ba, ba a fita da yara ko sau ɗaya ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Gidan da ke cikin misalin nan babu wanda zai kira su almubazzarai, su ma ba su taɓa jin sun yi facaka ba, domin kuɗin bai taɓa fita a dunƙule ba.

Ba duk na waje ne asara ba

A nan nake rabuwa da masu cewa mace ta gari ba ta sayen dafaffe. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa surfa wake da asuba ba. Idan ku uku ne ko huɗu a gida, ki lissafa ƙosai da gaskiya: wake, kuɗin markaɗe, man da zai cika kasko, gas, da barcin da kika rasa. Sau da yawa na maƙwabciyarki mai sana'a ya fi sauƙi, saboda ita kwano biyar take soyawa a man da ke za ki soya gwangwani biyu. Haka waina, haka gurasa, haka alkaki. Duk abin da yake son mai da yawa, ko wuta mai tsawo, ko ƙulli tun jiya, ƙaramin gida ya fi riba idan ya saya. Kuɗin ma ba nisa ya yi ba, hannun wata uwa ya shiga.

Inda ake tafka asara daban ne. Na farko shi ne abin da ke da sauƙin yi a gida amma ake saye da tsada: taliya, indomi da ƙwai, shinkafa da wake, shayi, zoɓo, kunun aya. Ɗanwake ma minti nawa ne? Na biyu, wanda ya fi ciwo, shi ne biya sau biyu. Kin dafa tuwo da miya na mutum shida, maigida ya biya ta wajen mai shayi ya ƙoshi, babban yaron ya ci awara a hanyar Islamiyya, sai ga malmala uku sun kwana. Idan an yi ɗumame da safe, to da sauƙi. Idan kuwa zafin Kano na watan Afrilu ya riga ki, wuta kuma ba ta zo ba, an biya kuɗin abincin dare sau biyu an ci sau ɗaya. Maganin wannan ba wa'azi ba ne, saƙon waya ne kafin la'asar: yau a gida za ka ci ko a rage hannu?

Abincin rana na maigida shi ne babban rami a yawancin gidajen 'yan kasuwa, kuma a nan zaman Fagge ya yi miki rana. Wadda ke Hotoro ko Rijiyar Zaki ba za ta iya aika kula Kwari ko Wapa kullum ba, kuɗin motar ya cinye ribar. Ke kuwa tafiyar ƙafa ce. Ko kwana uku a mako aka kai masa daga tukunyar da dama za a ɗora, kusan rabin wancan kuɗin ya dawo gida. Ban ce kullum ba. Namiji a kasuwa yana da abokan cin abinci, yau shi ya saya gobe wani, kuma wannan ma wani jari ne da ba a rubuta shi a littafi.

Kuɗin tara kuwa, kada ki soke shi gaba ɗaya, yaro ba ya son ya zama shi kaɗai ne ba ya zuwa wajen mai alawa. Ki raba: kwana uku da 'yar kula da gorar ruwa, kwana biyu da kuɗi. Da damina musamman ki fi karkata ga kula, lokacin ne amai da gudawa da taifot suke yawo a abinci da ruwan da ba a san hannun da ya taɓa su ba, kuma kwana biyu a gadon asibiti sun fi kuɗin tara na zango guda.

Kowace kasuwa da ranarta

Mu dawo tukunyar gida. Mutane daga Katsina, Jigawa har Nijar suke zuwa sari a kasuwar Singa, ke kuwa tana bayan gidanki, amma sai ki ga a kantin unguwa ake sayen sukari ƙulli-ƙulli da mai a leda. Kusanci ne yake jawo haka. Wadda ke nesa dole ta zauna ta tsara kafin ta fito. Wadda ke kusa cewa take ai ko yaushe ma a aika, kuma aike-aiken nan shi ne mafi tsadar hanyar cefane. Mai kanti ba zaluntar ki ya yi ba, daga Singa ya ɗauko ya ɗora ribarsa, ya ƙulla ya sake ɗorawa.

Abin da ba ya lalacewa, irin su shinkafa, taliya, sukari, fulawa, man girki, magi, madara da sabulu, na wata-wata ne kuma na Singa ne. Idan katan ya fi ƙarfinki, ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba, ai ba a kan adashe kaɗai ake haɗa kai ba. Kayan miya, kifi, doya da manja na mako-mako ne, ga 'Yan Kura da kasuwar Abubakar Rimi ta Sabon Gari. Nama, idan kina da inda za ki adana, Abbatuwa da sassafe, ko ku yi watanda da 'yan'uwa. Idan babu firji mai tabbas, ki soya ki ajiye, ko ki koma busasshen kifi da ganda a wasu ranakun, ba abin kunya ba ne.

Dawanau da 'Yan Kaba kuma sai da lissafi. Gaskiya ne hatsi yana araha a Dawanau, amma tana can hanyar Katsina. Idan kwano biyar za ki sayo, kuɗin adaidaita da na dako sun cinye bambancin tun kafin ki iso Kurna. Dawanau ta buhu ce, kuma ta kaka ce, daga Oktoba zuwa Disamba lokacin da sabon gero, dawa, masara da wake suke shigowa. Wanda ya jira sai Yuli ko Agusta, tsakiyar damina, ya sayi hatsi a ganiyar tsadarsa. Haka tumatir: daga Janairu zuwa Maris na noman rani yake kwararowa daga Kadawa, Kura da Garun Malam, kwando ya yi araha a 'Yan Kaba har wani yana ruɓewa. Da an shiga Mayu da Yuni sai ki ga ƙwaya huɗu a faranti ana kiran kuɗin da zai ba ki mamaki. Wadda ta yanka ta shanya kauɗa a watan Fabrairu, ko ta markaɗa ta dafa ya ƙone ruwansa ta zuba a kwalba ta rufe da mai, ita ba ta san ana yi ba. Albasa ma tana da lokacinta, araha bayan an cire ta da rani, tsada a ƙarshen shekara. Kayan azumi kuma a Rajab ake sayensu, ba daren da aka ga wata ba.

Wata biyu game da buhu. Ta farko, buhu yana ruɗi. Ranar da aka sauke shi a sito hannu yana sakewa, a ƙara gwangwani a tukunya, a ɗiba wa wance, a cika wa almajiri, sai ga abin da aka yi wa lissafin wata biyu ya ƙare a mako biyar. Ranar da ya shigo ki auna shi da kwanonki na gida ki san adadinsa, don ba kowane buhu ne yake cika yadda aka faɗa ba, ba kowane kwanon kasuwa ne kuma gindinsa yake daidai ba. Ki raba shi mako-mako, ki ware na kyauta da sadaka tun farko da sunansa, yadda za ki bayar da zuciya ɗaya ba tare da ya taɓa na yara ba. Ta biyu, wake. Don Allah kada ki zuba masa maganin ƙwari don ya daɗe, guba ce kike ajiye wa iyalinki. Ki shanya shi ya bushe sosai, ki cika jarka mai tsabta har baki ki toshe, ko ki nemi buhun PICS mai ruɓi uku wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Duka biyun hikimarsu ɗaya ce, idan iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya rayuwa.

Zama da maigida

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan ke kaɗai kika san shi. Ciyarwa haƙƙi ce a wuyan miji, wannan ba a jayayya a kansa. Amma a gidaje da yawa kuɗin cefanen da aka yanka tun shekara biyu da suka wuce shi ake ajiyewa a kan madubi har yau, matar kuma tana cikawa a ɓoye daga kuɗin kitsonta, ko ɗinkinta, ko ribar turaren wuta da take sayarwa a waya. Ta cika yau, ta cika gobe, jari ya karye, sai bashi a wajen mai kanti, sai ranar da mai kanti ya tare maigida a ƙofar gida. Aure nawa ne ya girgiza a kan abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba? Shi yana ganin yana bayarwa, ita tana ganin ba ya isa, kuma kowannensu yana da gaskiya, domin ba wanda ya taɓa ganin lissafin gaba ɗaya.

Littafin nan naki na mako biyu shi zai yi miki magana. Kada ki tare shi da shi yana cire takalmi, kada kuma ki kawo shi a tsakiyar faɗa. Ki bari ya ci ya huta, ki ce, "Abban Ummi, ga abin da muka ci a mako biyun nan, na gida da na waje. Duba mana ka ga inda za mu gyara." Ɗan kasuwa yana girmama rubutu, da shi yake yini. Idan ya ga layin W da idonsa, shi da kansa zai fara lissafin katan nawa na taliya ke ciki. Ki sa naki a ciki ke ma, shawarmar da kika yi oda ranar da kika gaji, da lemon da aka sayo wa ƙawaye. Idan nasa kaɗai ya gani, ya zama ƙara aka kai shi.

Abin da za ki nema a zaman ba lallai ƙarin kuɗi ba ne. Wani lokaci sauya yadda ake bayarwa ya fi ƙari amfani. Naira dubu uku kullum da naira dubu 90 a farkon wata adadinsu ɗaya, amma ta farkon a kantin unguwa take ƙarewa, ta biyun ce take iya zuwa Singa. Idan samunsa na kullum ne ba na albashi ba, ku yi na mako, ko ya riƙa sayo manyan kayan da kansa tunda ta bakin kasuwar yake wucewa, ke ki riƙe na miya. Abin da kike cikawa daga sana'arki kuma ki faɗe shi, ki sa masa iyaka. Taimako ne kike yi, ki bari a san da shi.

Ledar tsiren Juma'a fa? Ni dai ban ce a taɓa ta ba. Yara suna jiran ta, shi ma yana jin daɗin shigowa da ita, kuma gidan da aka soke duk wani ɗan daɗi saboda tattali, tattalin ba ya kai wata biyu. A dai san da ita, a ba ta kuɗinta. Haka fita da yara gidan abinci ko wajen shan askirim: ku sa mata rana, sau ɗaya a wata ko a wata biyu, ku ware kuɗin a ambulan tun farkon wata, da kuɗin mota a ciki. Kafin a fita a ɗan ci wani abu a gida, don yaro mai yunwa duk abin da ya gani a hoto sai ya nuna. Ki tambayi farashi kafin a kawo, ki lura da lemo da ruwan roba, a nan ake ninka kuɗi ba a shinkafar ba. Ƙanana biyu faranti ɗaya ya ishe su. Abin da ya rage a sa miki a leda, kin biya.

Sai makon ƙarshe na wata, wanda shi ne yake tura gida wajen mai kanti da littafin bashi. Tun ranar da kaya suka shigo ki ware masa nasa a wani bokiti mai murfi: kwano biyu na garin tuwo, kwano ɗaya na wake, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir, ɗan busasshen kifi da kwalbar mai. Ki ɗora shi can saman sito inda hannu ba ya kai wa da sauƙi, kada a buɗe shi sai ranar 23 ga wata.